Me Aaron Donald ke yi a fili da har aka biya shi dala miliyan 135?

Tambaya: Na ga ana ta yabon wani ɗan ƙwallon Amurka mai suna Aaron Donald, wai da wuya a sake yin mai tsaro kamarsa. Na kalli bidiyonsa, ban ga ya riƙe ƙwallo ko sau ɗaya ba, sai ture-ture da ƙarti. Mene ne aikinsa, ta yaya mutum ke kaiwa wannan matsayi, kuma me ya sa ya ajiye wasa yana ɗan shekara 32? Ina da ƙane mai jiki sosai, shi ya sa nake son sanin ko akwai hanya.

Amsa:

Ɗan'uwa, idonka bai yaudare ka ba. Mai irin aikin Donald zai iya shekara goma a fili bai taɓa ƙwallo ba sai jefi-jefi, idan ta suɓuce wa wani. Abin da ake biyansa ya yi shi ne ya hana mai jefa ƙwallon sakat, wato ɗan wasan da suke kira kwatabak, wanda duk harin ƙungiya ke ratayawa a wuyansa.

Ga yadda abin yake. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci gaba da yadi goma, idan sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Kafin a fara kowane zagaye, ƙarti biyar na masu hari sukan durƙusa a jere su zama katanga: ɗaya a tsakiya wanda ke miƙa wa kwatabak ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, biyu a dama da shi, biyu a hagu. Galibinsu sun kai kilo 140. A gabansu, hular kwano na kusan taɓa hular kwano, akwai mutum uku ko huɗu na masu tsaro. Waɗannan su ne 'yan sahun gaba, kuma nan Donald ya yi aikinsa. Da zarar ƙwallo ta motsa, kwatabak yana buƙatar sakan biyu da rabi zuwa uku ya hango wanda zai jefa wa. Cikin wannan ɗan lokacin ake so ɗan sahun gaba ya ratsa mutumin da ya fi shi nauyi, ya cim ma mai ƙwallon. Idan ya kayar da shi kafin ya jefa, shi ne abin da suke kira sak. Idan kuma gudu aka zaɓa maimakon jifa, aikinsa ya toshe kafar da mai gudun zai bi. Za a maimaita wannan wajen sau sittin a wasa ɗaya.

Su ma 'yan sahun gaban ba iri ɗaya ba ne, kuma rashin gane wannan ne ke sa mutane yi wa wasunsu hukuncin da bai dace ba. Akwai na gefe, dogaye masu sauri, da ke zagayo katanga ta waje. Su suka fi tara sak, shi ya sa sunayen da ke saman jadawali nasu ne: Bruce Smith yana da 200, Reggie White 198. Akwai wanda ke tsayawa daidai hancin ɗan katangar tsakiya, aikinsa ya riƙe mutum biyu a wuri ɗaya don na bayansa su samu sarari. Vince Wilfork ya yi kaka 13 yana wannan aiki, sak 16 kacal ya yi, amma ya ɗauki kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe da ke fitar da zakaran kaka, sau biyu da ƙungiyar New England, kuma ba wanda ya san wasan da zai ce maka bai iya ba. Sai kuma na ciki mai kutsawa, wanda ke tsayawa a kafaɗar waje ta ɗan katangar da ke kusa da na tsakiya. Masu horarwa suna kiran wurin lamba uku. Shi kafa ɗaya aka ba shi, a ce masa ya faɗa cikinta da iyakar saurinsa. Nan ne gidan Donald. Daga nan hanyar zuwa ga kwatabak ta fi ko'ina gajarta, amma ta fi ko'ina cunkoso, domin mutum biyu na iya haɗuwa a kanka ba tare da sun ɗaga ƙafa da nisa ba.

An haifi Donald a Pittsburgh ranar 23 ga Mayu 1991. Mahaifinsa ne ya sa shi ɗaga ƙarfe a ɗakin ƙasan gidansu tun yana kimanin shekara 12, da asuba kafin a tafi makaranta. Ya yi wasa a sakandaren Penn Hills, amma manyan jami'o'i ba su yi rububinsa ba saboda gajere ne a ma'aunin wannan aiki: ƙafa 6 da inci 1, wajen santimita 185. Jami'ar Pittsburgh ta garinsu ce ta ɗauke shi, ya yi mata wasa daga 2010 zuwa 2013. A shekararsa ta ƙarshe ya kwashe manyan lambobin yabo huɗu da mai tsaro zai iya samu a wasan jami'o'i, wato Nagurski da Bednarik da Outland da Lombardi.

A Amurka jami'a ita ce ƙofar shiga NFL, babbar gasar ƙwararru ta wannan wasa. Ba a ɗaukar yaro sai ya cika shekara uku da gama sakandare. Kowace shekara akan gayyaci fitattu zuwa Indianapolis a auna su daga kai har ƙafa, a gwada gudunsu da ƙarfinsu, likitoci su duba duk gaɓar da ta taɓa ciwo. A gwajin 2014, Donald yana da nauyin kilo 129 ya gudu yadi 40 cikin sakan 4.68, ya kuma ɗaga ƙarfe mai kilo 102 sau 35 a jere. Mai wannan nauyi bai kamata ya yi wannan gudu ba. Duk da haka, da aka zo zaɓen sababbin 'yan wasa, inda ƙungiyoyi 32 ke ɗauka bi da bi har zagaye bakwai, sai da aka ɗauki mutum 12 kafin a kira sunansa. Abin dariya, ƙungiyar Rams da ta ɗauke shi a na 13 ita ma ta tsallake shi da farko: tana da zaɓi na biyu a shekarar, ta ba Greg Robinson, wani ƙaton ɗan katanga da bai yi abin kirki a ƙungiyar ba. Masu auna 'yan wasa sun daɗe suna ba tsayi da tsawon hannu muhimmanci fiye da kima, kuma har yau ba su daina ba.

Gajartar da aka raina ita ta zama makaminsa. Duk wanda ya taɓa zama a filin kokawa ya san cewa wanda ya shige ƙarƙashin ƙirjin abokin karawarsa shi ke da iko da shi, ko da kuwa an fi shi girma. A sahun gaba ma haka ne. Ɗan katanga mai ƙafa 6 da inci 5 sai ya lanƙwashe gwiwa sosai kafin ya sauko daidai da Donald, kafin ya gama saukowa kuwa an riga an wuce shi.

Ka sake kallon bidiyon a hankali, ka ƙyale ƙwallon, ka zuba wa hannayensa ido. Yana durƙushe, hannu ɗaya a ƙasa, idonsa a kan ƙwallo ba a kan mutumin da ke gabansa ba, don idan ya motsa kafin ta motsa za a ci tarar ƙungiyarsa yadi biyar. Tana motsawa, takunsa na farko gajere ne, kansa bai ɗago ba. Ɗan katangar zai miƙo hannu biyu ya dafe masa ƙirji, domin idan hannayen nan suka samu wurin zama to zagayen ya ƙare. Donald kan ɗan karkata kamar zai bi ta ciki, mutumin ya jingina nauyinsa can, sai ya sare masa hannun waje daga sama, ya cusa kafaɗarsa ta ƙarƙashin hammatar mutumin, ya juya ƙugu ya wuce. Duk wannan bai kai sakan biyu ba. Zagaye na gaba, mutumin yana jiran saran, ya ɗan ja da baya, sai Donald ya sa masa hannu biyu a ƙirji ya tura shi kamar amalanke har ƙafar kwatabak. An taɓa yaɗa wani bidiyonsa yana atisaye da mai horarwa da ke kai masa suka da wuƙaƙen roba yana kaɗe su. Mutane sun ɗauka burga ce, alhali saurin kaɗe hannun abokin gaba yake koya wa jikinsa. Ban da wannan, akwai sa'o'in da ake ɓatawa a ɗakin kallon faifai ana nazarin wanda za a kara da shi ranar Lahadi: wace ƙafa yake fara ɗagawa, yaya yake dafa ƙasa idan gudu za a yi, yaya idan jifa ce. Wanda ya danne yatsunsa da nauyi gaba zai taho, wanda ya dafa sama-sama baya zai ja.

A kakarsa ta farko ya yi sak 9, aka ba shi kyautar sabon mai tsaro na shekara. A 2018 ya yi 20.5 (idan mutum biyu suka kayar tare, rabi-rabi ake rubuta musu), adadin da babu ɗan ciki da ya taɓa kaiwa tun da aka fara lissafin sak a hukumance a 1982. An zaɓe shi gwarzon mai tsaro na shekara a 2017 da 2018 da 2020. Kafinsa, Lawrence Taylor da J.J. Watt ne kawai suka samu kyautar sau uku. A kaka goma ya tara sak 111.

Amma ni a ganina wanda ya tsaya a waɗannan alƙaluma bai ga rabin aikin ba. Kakar 2016 sak 8 ya yi, kuma ba wanda ya kalli wasanninsa na shekarar da zai ce ya ja baya. Da ƙungiyoyi suka gane shi, sai suka koma sa masa mutum biyu, wani lokaci uku. Katanga kuwa mutum biyar ce. Idan biyu suna kan Donald, sauran abokan aikinsa uku kowa na fuskantar mutum ɗaya tak, kuma da yawa daga waɗanda suka yi wasa a gefensa sun samu kakar da ta fi kowace kyau a rayuwarsu, suka tafi wata ƙungiya da babban kwantiragi.

Wasan da ya fi nuna haka shi ne Super Bowl na ranar 13 ga Fabrairu 2022, Rams da Cincinnati Bengals. Shekara uku kafin nan Donald ya je wasan ƙarshe New England ta doke su 13 da 3, a Janairun 2021 kuma an ga yana hawaye a gefen fili bayan Green Bay ta fitar da su, ya buga wasan da ciwon haƙarƙari. A wannan karon Rams na gaba 23 da 20, saura ƙasa da minti ɗaya, Bengals na tsakiyar fili suna neman yadi ɗaya kacal su cike goman. A dama ta uku suka ba mai gudunsu Samaje Perine ƙwallo ya kutsa, Donald ya cafko shi ya ja shi baya. A dama ta huɗu kwatabak ɗinsu Joe Burrow ya ja baya zai jefa, Donald ya kaɗe hannun ɗan katanga Quinton Spain ya wuce shi ta waje, ya rungumo Burrow ta ƙugu ya juya shi. Burrow ya wurga ƙwallon yana faɗuwa, ta faɗi ƙasa ba wanda ya kama. Donald ya tashi da gudu yana nuna yatsan da ake sa zoben zakaru. Tun da ƙwallon ta bar hannun Burrow kafin ya kai ƙasa, ba a rubuta wannan a matsayin sak ba, kuma kyautar gwarzon wasan abokin wasansa Cooper Kupp aka ba.

Ba waliyyi ba ne a fili, kada a ce ban faɗa ba. An kore shi daga wasan farko na kakar 2016 da San Francisco saboda zafin rai, a Agustan 2022 kuma an ɗauke shi a bidiyo yana kai duka da hulunan kwano a wani atisayen haɗin gwiwa da Bengals. Da a wasan gasa ya yi wannan, da dakatarwa ta hau kansa.

Batun kuɗi kuma. Tun yarjejeniyar 2011 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa, albashin sabon shiga a ƙayyade yake gwargwadon lambar da aka ɗauke shi, na shekara huɗu, kuma ƙungiya na da damar ƙara shekara ta biyar ga wanda ta ɗauka a zagayen farko. Kwantiragin Donald na farko kimanin dala miliyan 10 ne na shekara huɗun gaba ɗaya. Wato a shekarun da jikinsa ya fi lafiya, yana karɓar abin da bai kai na 'yan wasan da ba su kama ƙafarsa ba. Shi ya sa ya ƙi zuwa sansanin atisaye a 2017, har ya rasa wasan farko, ya sake ƙin zuwa a 2018. Ranar 31 ga Agustan 2018 Rams ta ba shi dala miliyan 135 na shekara shida, miliyan 87 daga ciki tabbatattu. Kwana ɗaya kawai ya yi a matsayin mai tsaro mafi tsada, washegari Chicago ta ba Khalil Mack miliyan 141. A 2022 aka sake masa lissafi, miliyan 95 na shekara uku. Ka lura da kalmar tabbatattu. A NFL babban adadin da jarida ke bugawa ba shi ne abin da ke shiga aljihu ba, domin ƙungiya na iya sallamar ɗan wasa ta daina biyan duk abin da ba ta lamunce ba.

Kuma babban kwantiragi ba ya hana a faɗi. Albert Haynesworth ya karɓi na dala miliyan 100 daga Washington a 2009 bayan ya yi fice a matsayin mai kutsawa a Tennessee. Shekara ɗaya bayan nan aka kawo sabon koci, Mike Shanahan, ya canza tsarin tsaro zuwa mai mutum uku a gaba, aka nemi Haynesworth ya koma mai riƙe mutum biyu. Ya ƙi, aka yi ta kai ruwa rana, kaka biyu kawai ya yi a can. Ita ma Rams ta koma irin wannan tsari a 2017 a hannun Wade Phillips, amma shi Phillips bai taɓa aikin Donald ba, ya bar masa kafarsa ɗaya ya ci gaba da kutsawa. Sau da yawa bambancin ɗan sahun gaba da ya haskaka da wanda ya dusashe ba ya wuce kocin da ya faɗa hannunsa.

Ritayarsa a Maris 2024 ba ciwo ne ya tilasta masa ba. A kakarsa ta ƙarshe ya yi sak 8, aka kuma sa shi cikin zaɓaɓɓun 'yan wasan shekara a karo na takwas. Shi da bakinsa ya nuna cewa ya ƙoshi, ba shi da sauran sha'awar sake shiga wahalar sansani da kaka mai wasa 17. Shekara 32 a wannan aiki ba yarinta ba ce. Matsakaicin zaman ɗan wasa a NFL bai wuce shekara uku da 'yan watanni ba, kuma kowace ƙungiya na shiga sansani da mutum 90 ta rage su zuwa 53 kafin a fara kaka. 'Yan sahun gaba ba su cika yin irin mummunan karon da ake nunawa a talabijin ba, nasu ƙananan karo ne na kai da kai a kowane zagaye, har da ranakun atisaye, shekara da shekaru. A 2017 masu bincike na Jami'ar Boston sun duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan NFL 111 da suka rasu, suka samu cutar lalacewar ƙwaƙwalwa da ake kira CTE a 110, kuma 44 daga cikin waɗanda aka duba 'yan sahu ne, na hari da na tsaro. Iyalan da suka riga suka ga alamu ne suka fi ba da gawarwakin, don haka ba a cewa haka adadin yake ga kowa, amma ba abin wasa ba ne. Ga gwiwa, ga kafaɗa, ga yatsun da suka karkace, ga nauyin da ke zama ciwo idan an daina atisaye. Reggie White ya rasu a 2004 yana da shekara 43, da matsalar bugun zuciya da ake alaƙantawa da sarƙewar numfashi cikin barci. Wanda ya samu kuɗinsa da zobensa ya fita da ƙafafunsa, ban ga laifinsa ba.

Saura maganar ƙanenka. Akwai hanya, kuma wannan gurbi na cikin 'yan guraben da wanda ya fara a makare ke iya shiga, domin umarnin da ake ba ɗan gefe a farko ba shi da sarƙaƙiya irin ta kwatabak. Ezekiel Ansah ya tashi a Accra, ya tafi Jami'ar Brigham Young karatu, bai taɓa wasan ba sai 2010, amma a 2013 Detroit ta ɗauke shi a lamba ta biyar. Osi Umenyiora, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Najeriya kafin ya koma Alabama yana saurayi, ya ɗauki Super Bowl sau biyu da New York Giants, ya taɓa yin sak shida a wasa ɗaya da Philadelphia a 2007. Shi ne daga baya ya kafa shirin The Uprise don zaƙulo matasa a Najeriya, ya kuma jagoranci sansanin NFL na farko a Afirka, wanda aka yi a Gana a 2022. Ita ma NFL tun 2017 tana da shirin shigo da 'yan ƙasashen waje, wanda ta cikinsa Efe Obada, haifaffen Najeriya da ya girma a Landan, ya shiga cikin mutum 53 na Carolina a 2018. C.J. Okoye ya bi ta hannun Umenyiora ya isa Los Angeles Chargers a 2023, ya yi sak a wasan share fage da Rams, wanda shi ne wasan gasa na farko da ya taɓa bugawa a rayuwarsa.

Sai dai guraben kaɗan ne ƙwarai a shekara, ana kuma rabawa da duk duniya, kuma mafi yawan waɗanda suka samu sukan tsaya ne a rukunin 'yan atisaye. Jiki kawai ba ya wadatarwa, ƙarti sun yi yawa. Abin da masu zaɓe ke dubawa shi ne yadda mai kilo 120 ke tashi daga tsaye a yadi goman farko, ko yana iya lanƙwasa ƙugu da idon sawu ya yi kwana bai rage gudu ba, da tsawon hannunsa. Idan ƙanen naka yana buga ƙwallon kwando ko yana tsere ko jifan dalma, ya riƙe su da kyau, don daga irin waɗannan wasanni aka fi tsamo yaran. Idan bai wuce 16 ko 17 ba, hanyar da ta fi faɗi ita ce karatu: takardun sakandare masu kyau da Turancin da zai kai shi wata makaranta a Amurka, inda zai samu koci da shekara huɗu ko biyar na koyon aikin hannu. Idan ya haura 20, sai dai gwajin shirin 'yan ƙasashen waje. Ku auna tsayinsa da nauyinsa, ku ɗauki bidiyonsa yana gudun yadi 40 da tsalle, ku bi sanarwar gwaji daga shafukan NFL da na The Uprise kai tsaye. Duk dillalin da ya nemi ku biya shi kuɗi don ya samo wa yaron gurbi a wata ƙungiya, ku rabu da shi, ba ta haka ƙungiyoyin NFL ke ɗaukar 'yan wasa ba.